Daga Kandi Zuwa Ella: Tafiya A Tsaunukan Sarandibu

Wani taron masana harkar noma ne ya kai ni Kolombo, babban birnin kasuwancin Siri Lanka, a watan Fabrairun 2024. Daga Abuja muka tashi, muka yada zango a Doha, muka sauka filin jirgin Katunayake, inda agogo ya riga namu da awa huɗu da rabi. Neman biza da takardar gayyata da katin rigakafin shawara sai mai haƙuri, amma an wuce wurin. Taron ma irin wanda aka saba ne, jawabi da takardu da ɗaukar hoto. Da aka watse, ni da wani malamin gona ɗan Damagaram da muka saba a zauren taron muka yanke shawara ba za mu koma gida ba sai mun hau tudun ƙasar. Tun muna yara muke jin sunan Sarandibu a bakin malamai, wurin da aka ce Annabi Adamu ya sauka bayan fitowarsa daga Aljanna, kuma wannan tsibiri ne Larabawan da suke kira haka. Ga kuma shayi, wanda kowannenmu ya tashi yana sha ba tare da ya taɓa ganin itacensa ba.

Tsibirin bai kai jihar Borno faɗi ba, mutanensa wajen miliyan 22. Gefe-gefensa duk ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kwakwa da shinkafa da zafi mai gumi irin na Legas. A tsakiya ne, ta wajen kudu, ƙasar ta tattaru ta yi sama har ta haura mita 2,500. Muka sayi tikitin jirgin ƙasa aji na biyu a tashar Fort ta Kolombo kan rufi 500 kowa. A lokacin rufi ɗaya kusan naira biyar ce, ko sefa biyu, wato da naira 2,500 mutum zai yi tafiyar kilomita 120 zuwa Kandi. Da fari jirgin gudu yake a fili tsakanin gonakin shinkafa, bauna na kiwo balbela na bin su. Daga Rambukkana sai ya fara nishi. Layin ya manne da jikin dutse, hannun dama rami ne mai zurfi cike da kore, jirgin ya shiga kogon da aka huda ya fito, ya sake shiga wani. A 1867 aka buɗe wannan layi, shekara 44 kafin dogo ya iso Kano, kuma a lokacin tafiyarmu shi ma'aikata da 'yan makaranta ke bi kullum. Masu talla na ratsa tarago da kwanduna suna kiran "wade, wade", wani ƙosai ne mai tauri da soyayyen barkono a gefe. Akwai mangwaro da abarba da aka barbaɗa wa gishiri da yaji, akwai gyaɗa mai zafi a ƙunshin takarda.

A Kandi mun sauka gidan wani malamin makaranta da ya yi ritaya, a kan tudu, tafkin garin na ƙarƙashinmu. Ɗaki mai gado biyu da karin kumallo rufi 7,000. Abu na farko da matarsa ta gaya mana shi ne mu riƙa rufe taga saboda birai, kuma da safe muka gan su jere a kan wayar lantarki suna leƙen kicin. Ta kawo mana taliyar garin shinkafa da aka turara aka naɗe ƙulli-ƙulli, da miyar wani ƙaramin wake mai laushi da aka dafa da madarar kwakwa, da kwakwa gurzajjiya da aka kirɓa da barkono da albasa da lemon tsami. Da hannu suke ci, hannun dama, kamar mu. Tun kafin mu tambaya ta ce ba ta sa nama ba, don ta san Musulmi sai yankan Musulmi, ta kuma kwatanta mana layin da mahautan Musulmi suke a kasuwa. Mabiya addinin Buda ne ita da mijinta.

Kandi ita ce masarautar ƙarshe da ta tsaya da ƙafarta a tsibirin. Turawan Fotugal sun mamaye bakin teku, Holandawa suka karɓe daga hannunsu, amma duwatsu da daji da zazzaɓi sun tsare Kandi kusan shekara ɗari uku. Sai a 1815 Ingilishi suka ci ta, shi ma da hannun hakiman da suka gaji da sarkinsu, Sri Wikrama Rajasinha, wanda aka kai Indiya ya mutu a can. Shi ya haƙa tafkin da ke tsakiyar garin a 1807. A bakin tafkin ne ɗakin ibadar da ake ajiye da haƙorin da suka yi imani na Buda ne. An ce wata gimbiya ce ta kawo shi daga Indiya a ƙarni na huɗu, ɓoye cikin gashin kanta, kuma tun daga nan duk sarkin da haƙorin ke hannunsa shi ke da ikon ƙasa, kamar yadda tagwayen masu suke ga sarautar Kano. A lokacin baƙo yana biyan rufi 2,000, ya tuɓe takalmi, ya rufe kafaɗa da gwiwa. Mun shiga da almuru lokacin da makaɗa ke dukan ganguna a ƙasan bene, ana busa wata 'yar algaita mai kaifin murya. Jama'a cikin fararen kaya, kowa da furen bado a tafin hannu, mata da jarirai a kafaɗa, tsofaffi zaune a daɓe suna karatu ƙasa-ƙasa. Ba a ganin haƙorin kansa. Ƙofa ake buɗewa na ɗan lokaci, a hangi akwatin zinariya, wanda aka ce akwai wasu shida a cikinsa, ɗaya cikin ɗaya. Mu dai kallo ya kai mu, muka tsaya daga gefe, ba wanda ya harare mu. A Janairun 1998, lokacin yaƙin basasa, 'yan tawayen Tamil sun tayar da bam a mota a ƙofar wurin, mutane fiye da goma suka mutu. An gyara ginin har ba a gane inda ya rushe, sai dai binciken da ake yi wa kowa a bakin shiga.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Meera Makam. Musulmi kusan kashi ɗaya ne cikin goma na mutanen ƙasar, yawancinsu Shafi'awa, harshen gidansu Tamil. Abokin tafiyata ya saki hannuwansa a salla yadda ya tashi ya ga ana yi a Damagaram. Bayan sallama wani dattijo mai farin gemu ya matso ya tambaye mu da Larabci ko mu Malikawa ne, ya ce ya ga irinmu a Makka. Daga nan ba mu ƙara mallakar kanmu ba. Ya sa mu a adaidaita sahu zuwa gidansa, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo babban faranti ɗaya na shinkafa da naman kaza da soyayyen gauta, mu shida muka kewaye shi. Bayan nan aka kawo watalappan, wani abin zaƙi na ƙwai da madarar kwakwa da mazarƙwaila da kayan ƙamshi, wanda Musulmin ƙasar suka yi suna da shi. Dattijon ɗan kasuwar duwatsu masu daraja ne, kuma ya san sunan Mambila, don shuɗin yakutun can yana isowa kasuwarsu. Da hira ta yi nisa ya taɓo abin da ya faru a Maris 2018, lokacin da aka ƙona shaguna da gidaje da masallatan Musulmi a Digana da wasu garuruwan kewayen Kandi. A taƙaice ya faɗa, muryarsa ƙasa, ya ce, "'Yan'uwana, ku ma na ji kun san irin wannan." Muka ce mun sani. Da za mu tafi ya hana mu biyan mai adaidaita, ya kuma rubuta mana sunan masallaci a kowane garin da za mu bi.

Lambun Peradeniya yana bayan gari, kogin Mahaweli, mafi tsawo a tsibirin, ya kewaye shi ta gefe uku. An kafa shi a 1821, faɗinsa wajen hekta 60. A lokacin baƙo rufi 3,000, ɗan ƙasa ko kashi ɗaya cikin goma na haka ba ya biya. Wannan farashi biyu ya bi mu ko'ina, kuma ban ga laifinsa ba a ƙasar da ta shiga matsin da ya kai ga layin mai na kwana da kwanaki a 2022, sai dai an yanka shi ne da aljihun Bature, mai naira kuwa yana ji a jikinsa. A nan malamin gona ya manta da ni. Ya tsaya gaban itacen kanumfari ya daɗe, ya murza ganyen kirfa ya shinshina, ya ga masoro yana hawa jikin wata bishiya, ya ga gyaɗar ƙamshi cikin kwasfarta. "Alhaji," ya ce, "duk kayan yajin uwargida ga su nan tsaye da ransu." Sama da mu dubban jemagu manya-manya na rataye a rassa suna fifita da fikafikai.

Daga Kandi jirgin tudu ya ɗauke mu zuwa Hatan. Bayan Nawalapitiya daji ya ja baya, shayi ya karɓi ƙasa. Itace ne gajere, iya ƙugu, an aske kansa daidai, an jera shi layi-layi yana bin lanƙwasar tudu tun daga rafi har inda gajimare ya rufe. Kafin shayi, gahawa Turawa suka shuka a nan bayan sun sare dajin. A 1869 wata cutar ganye ta ɓulla, cikin 'yan shekaru ta gama da gonakin. Sa'ar da aka yi, wani ɗan Sikotland mai suna James Taylor ya riga ya gwada shayi a gonar Loolecondera a 1867, sai kowa ya koma kansa. Jirgin ba ya sauri, ƙofofinsa a buɗe, samari na zaune a bakin ƙofa ƙafafu a waje. A kowace tasha mai kula da ita yana fitowa cikin farin kaya ya miƙa wa direba wani zobe mai jakar fata, direba ya ba shi na hannunsa. Layin ɗaya ne, kuma ba jirgin da zai shiga tsakanin tasha biyu sai da wannan alama a hannu. Tsohuwar dabara ce, tana aiki. Tashoshin an share su, an shafa fenti, an jera tukwanen furanni, sunan gari a rubuce da Sinhala da Tamil da Turanci. Na tuna layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, wanda shi ma tudu yake hawa, na ji ciwon abin. Wata mata da ke fuskantarmu ta kwance ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba ta tura mana rabi, ɗanta kuma ya dage sai mun gaya masa ko mu 'yan wasan kurket ne daga Karebiyan, don baƙaƙen da ya sani ke nan a talabijin.

Daga Hatan bas ta kai mu Nallathanniya, ƙauyen da ke gindin Dutsen Adamu, ta gefen tafkunan da ke ba ƙasar wutar lantarki. Tsayin dutsen mita 2,243, kansa a tsuke kamar an feƙe shi. A ƙolinsa akwai wani lotsawa a jikin dutse mai siffar sawun ƙafa, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya Buda sun ce sawun Buda ne, Hindu sun ce na Shiba ne, Musulmi da wasu Kirista sun ce na Annabi Adamu ne. Wannan magana ba ta cikin Alƙur'ani, a littattafan tarihi da ƙissoshin annabawa take, kuma a haka muka ɗauke ta. Abin da ya tabbata shi ne Musulmi sun daɗe suna zuwa. Ibn Batuta ya hau a 1344, ya ambaci hanyoyi biyu masu sunan Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙi goma da ake kamawa a hau, ta ƙarshe ana kiranta sarƙar shahada saboda duk wanda ya leƙa ƙasa daga nan sai ya yi kalmar. Ya auna sawun ya sami taƙi goma sha ɗaya. Shekara tara bayan haka mutumin nan yana Takadda, a ƙasar Agadas ta yau, yana ba da labarin tagullar da ake kaiwa Gobir da Borno. Abokina ya ce in dai ƙafar da ta taka ƙasarsu ta hau nan, shi ma sai ya hau.

Lokacin ziyara daga cikar watan Disamba ne zuwa cikar watan Mayu. Da dare ake hawa don a riski fitowar rana a sama. Ƙarfe biyu muka kama hanya. An jera fitilu tun daga ƙasa har ƙoli, in ka ɗaga kai sai ka ga igiyar haske ta miƙe cikin duhu ta haɗe da taurari. Matakala sun haura dubu biyar. Da fari da tazara, mutum na tafe yana hira, daga baya su tsuke su miƙe tsaye, sai an kama ƙarfen gefe. Akwai rafin da masu ziyara ke wanka da ruwa mai sanyin ƙanƙara kafin su ci gaba, akwai inda suke warware farin zare a gefen hanya har ya lulluɓe ciyayi. Iyali-iyali suke hawa, suna rera waƙoƙin ibada ana amsawa. Na ga tsohuwa ba takalmi, jikoki biyu na riƙe da ita ta hammata, tana hawa taki ɗaya ta huta. Na ga uba da yaro barci a kafaɗa. Masu saukowa suna yi wa masu hawa addu'a, ba sa tambayar addinin kowa, mu ma an yi mana.

Duk 'yar tazara akwai rumfar mai shayi da benci. Kofin da ake sayarwa rufi sittin a ƙasa ya ninka sau uku kusa da ƙoli, kuma ban yi ciniki ba, don na ga yadda kayan ke isa can. Babu mota, babu jaki. Mutane ne ke ɗauka a ka, buhun sukari, tukunyar gas, katan na ruwa, har siminti na gyaran matakalar, yawancinsu daga ƙauyukan leburorin shayi. Suna wuce mu ba magana, wuya a sandare, numfashi kawai ake ji.

Asuba ta same mu dab da ƙoli. Muka raɓe bayan wata rumfa, muka yi alwala da ruwan gora, hannu na karkarwa, mai rumfar ya shimfiɗa mana kwali ba tare da mun roƙa ba. Saman ɗan fili ne da bai fi tsakar gida ba, cike maƙil, iska na yanka kunne. Sawun yana cikin wani ƙaramin ɗaki da limaman Buda ke kula da shi, an lulluɓe shi da ƙyalle, mutane na bin layi suna sa goshi. Mun leƙa mun wuce. Akwai ƙararrawa da kowa ke bugawa adadin hawansa, wata tsohuwa ta yi ta bugawa har na daina ƙirgawa. Da rana ta ɓullo aka sa ganguna, sai jama'a suka juya yamma. Inuwar dutsen ce ta faɗa kan gajimare, mai kusurwa uku, gefenta a miƙe sar kamar an ja da magwaji, alhali dutsen kansa ba haka yake daidai ba. Tana nan tana matsowa tana gajarcewa har ta narke a gindinsa.

Da gari ya waye ne muka ga abin da muka ratsa cikin duhu. Daji ne baƙi ƙirin ta ko'ina, wanda aka keɓe tun 1940, gatari bai shiga ba. Koguna uku manya, Kelani da Kalu da Walawe, daga nan suke tasowa, kuma Kelani ne ke shayar da Kolombo. Malamin gona ya daɗe yana kallon ruwan da ke tsiyaya daga kowane tsagin dutse. Wanda ya girma a Damagaram ya san kuɗin jarkar ruwa. Ya ce shi abin da ya gani a nan, girmamawar da ake yi wa dutsen ita ta tsare dajin, dajin kuma ya riƙe ruwan. Leda da gorar roba dai suna nan a gefen hanya, amma mun haɗu da 'yan makaranta da buhuna suna tsincewa. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa.

Daga dutsen muka wuce garin Nuwara Eliya, wadda take kan mita 1,868, ta fi Jos da wajen mita ɗari shida. Jirgi a Nanu Oya yake tsayawa, a ƙarasa da mota. Turawa sun gina ta don su huta da zafi, suka bar gidan waya na jan bulo, da filin sukuwa, da tafkin Gregory, da gidaje masu bututun hayaƙi. Sanyinta ya fi na hunturunmu ratsa jiki saboda da laima yake zuwa, hazonta ma na ruwa ne, ba ya busar da leɓe, jiƙa riga yake yi. Masaukinmu rufi 9,000, aka ba mu bargo bibbiyu da gorar ruwan zafi ta sa wa a ƙafa. Duk wani sarari da shayi bai ci ba an yi masa kunya-kunya an shuka karas da kabeji da dankalin Turawa da albasa mai ganye, har bakin ƙofar gidaje.

Mun shiga wata masana'antar shayi a wajen gari. Ganye biyu da toho ɗaya ake tsinka daga kan kowane reshe. A baza shi a dogayen kwalaye a bene, fanka na hura iska ta ƙasa har ya yi yaushi, a zuba a injin da ke murza shi, a shimfiɗa shi ya sha iska har ya koma ja, a gasa, a tankaɗe. Kilo huɗu zuwa biyar na ɗanye ke ba da kilo ɗaya. Manyan ganye daban, karyayyu daban, garin da ya rage a ƙasa shi ake ɗurawa a 'yan jakunkunan da ake tsomawa a kofi. Wasu injinan sun girmi duk wanda ke aiki a wurin. Aka zuba mana na tudun nan, ruwansa fatsi-fatsi, ba madara ba sukari. Abokina ya kurɓa ya ce ƙamshi akwai, amma wanda ya saba da shayin Buzaye, koren ganyen Sin da ake dafawa sau uku a kan gawayi, zai ce wannan bai nuna ba. Kusan duk abin da aka sarrafa Kolombo ake kai shi gwanjo, kasuwar da ke ci tun 1883, daga nan ya wuce Iraƙi da Turkiyya da Rasha da sauransu.

Masu tsinkar mata ne, Tamil, jikokin waɗanda Ingilishi suka kwaso daga kudancin Indiya tun wajen 1823. A 2023 suka cika shekara 200 a ƙasar. Buhu a baya, igiyarsa a goshi, hannu biyu na aiki lokaci guda, a tudun da mu ko tsayuwa sai da dabara. Damina da matsattsaku, rani da sanyin safiya. Ana so kowace ta kawo kilo 18 zuwa 20 a yini. Lada a lokacin rufi 1,000, wanda aka tsayar tun 2021, kilon shinkafa kuwa wajen rufi 220. Wato kuɗin da na biya na shiga ɗakin haƙori aikin kwana biyu ne na mace ɗaya. Da ƙasar ta sami 'yanci a 1948, dokar farko-farko da aka yi ta hana su zama 'yan ƙasa. Yarjejeniyar 1964 ta mayar da dubban ɗaruruwa Indiya, ƙasar da yawancinsu ba su taɓa gani ba, sauran kuma sai a 2003 aka gama ba su takarda. Har yau da yawa suna zaune a dogayen barikokin da Turawa suka gina, iyali guda a ɗaki mai ƙafa goma a sha biyu, irin barikin 'yan kuza na Filato. Ruwa ya kama mu kusa da irin wannan bariki, wata mata ta yafito mu ƙarƙashin rumfarta. Ta dafa mana baƙin shayi, ta ba kowa gutsuren mazarƙwaila, a ciza a kurɓa. Garin ganyen ne take dafawa, mai kyan ba ya zama a nan. Ta nuna mana hoton 'yarta da kayan makaranta, ta yi alama da hannu cewa wannan ba za ta ɗauki buhu ba. Da muka miƙa kuɗi ta ɓata fuska, sai da muka ce na littafin yarinya ne ta karɓa. Duk hoton tudun shayi da ake bugawa a kalanda, hannun irin wannan mata ne ya aske shi, kuma ba na jin rufi dubu hakkinta ne.

Muna da irin wannan ƙasa. A Kakara, kan tsaunin Mambila, ana noman shayi, sanyi da hazo da tudu duk iri ɗaya. Bambancin hanya ce da kulawa. Nan kowace gona da titinta, kowace masana'anta da tashar da ke kusa da ita, an kuma mai da kallon gonar kansa sana'a.

Filin Horton sai da asuba ake zuwa. Fili ne na ciyawa a sama da mita 2,000, da kurmi na gajerun itatuwa masu gansakuka, da wasu manyan barewa masu duhun gashi da ba sa gudun mutum. Kuɗin shiga ya haura dala talatin ga baƙo, mafi tsada a duk tafiyar. A ƙofa ana zazzage jaka, a cire duk leda, har takardar jikin gorar ruwa, a ba ka jakar takarda. Zagayen wajen kilomita tara ne a ƙafa, ya bi ta inda suke kira Ƙarshen Duniya, inda ƙasa ta yanke tsaye kusan mita 870, ƙauyuka na can ƙasa ƙanana-ƙanana. Ba shinge. Kafin ƙarfe goma gajimare ya taso daga ramin ya rufe komai, waɗanda suka makara fari kawai suka gani.

Daga nan jirgi ya bi ta Pattipola, tasha mafi tsayi a ƙasar, kusan mita 1,900, ya ratsa kogo bayan kogo, sai ga mu a wani ɓangaren da ya fi bushewa, rana tas. A Haputale layin yana tafiya a kan doron tudu, ana hangen ƙasa ta hagu da ta dama. Kusa da nan ne Dambatenne, gonar da Thomas Lipton ya saya bayan zuwansa a 1890, mutumin da sunansa ya zama sunan ganyen shayi a teburin kowane mai shayi daga Kano har Agadas.

Ella ƙauye ne da baƙi suka cinye. Titi ɗaya, gidajen abinci da kiɗa, Turawa da gajerun wanduna, farantin kottu, wato gurasar da ake daddatsawa da ƙarafa biyu a kan faranti mai zafi tare da ƙwai da kayan lambu, ya kai rufi 1,500, ninki biyu na Kandi. Muka bi wani lungu muka sami inda direbobi ke ci, shinkafa da miya kala huɗu rufi 500, a ƙara maka in ba ka ƙoshi ba. Abin gani a nan gada ce mai baka tara a kan hanyar Demodara, tsawonta mita 91, tsayinta 24, dutse da bulo da siminti zalla ba ƙarfe, ta haura shekara ɗari jirgi na bi ta kanta. Gaba kaɗan layin ya zagaye wani tudu ya dawo ya shige ta ƙarƙashin tashar da ya baro, don gangaren ya fi ƙarfin jirgi in aka miƙe. Mun tsaya a tashar muka ga jirgin ya tafi, can sai ga shi ya fito daga ƙarƙashin ƙafafunmu.

Bas ce ta sauko da mu ta gefen ruwan Rawana da ke zubowa daga kan dutse har bakin titi, direba na kwana da gudu, kiɗa na tashi. Kafin Wellawaya mun tuɓe rigunan sanyi. A bakin hanya muka sha kindirmon bauna a 'yar tukunyar ƙasa, an zuba masa zumar da ake tatsa daga wani itace ɗan'uwan giginya, rufi 300. Tsaraba sai a kasuwar Pettah ta Kolombo, inda kilon ganye mai kyau bai kai rabin kuɗin da ake sayar da shi a kantin masana'anta ba. Na ɗauki ganye, malamin gona ya cika jaka da kirfa da kanumfari. Mai shagon ya tambayi daga ina, muka ce Najeriya da Nijar, ya rage mana rufi ɗari biyar, ya kuma ƙulla mana masoro gyara.